Goro

Goro ɗan itace ne na kurmin Afirka ta Yamma wanda ake taunawa ɗanye saboda kuzarin da yake sa wa jiki da wartsakewar da yake kawo wa hankali. Ana rabon sa a wajen ɗaurin aure, raɗin suna, zaman makoki, naɗin sarauta da sauran tarukan addu'a. Itacensa ba ya yi a ƙasar Hausa, domin ruwan saman da take samu bai kai abin da yake bukata ba. Duk da haka Hausawa ne suka fi shahara da cin sa da fataucinsa a Nijeriya, kuma sama da shekara 500 ke nan yana cikin abubuwan da ba a ƙulla babbar magana sai da su. A ilimin tsirrai goro ɗan'uwa ne ga kokon da ake yin cakulan da shi, kuma matsayin da yake da shi a tarukan Hausawa ya yi kama da wanda koko ya samu a tsakanin tsofaffin al'ummun Amurka ta Tsakiya.

Suna da asali

Kalmar goro ta game harsuna da dama na ƙasashen Sudan. Fulani da Barebari da Zabarmawa duk da wannan suna suka san shi, yayin da masu harsunan Mande suke ce masa woro. A arewa maso yammacin Kwaddibuwa akwai yankin da ake kira Worodugu, ma'ana ƙasar goro, inda fataken Mande suka daɗe suna sayen sa. Kusancin waɗannan kalmomi yana nuna cewa sunan ya bi hanyar da goron ya bi, daga bakin 'yan kasuwar Mande, waɗanda Hausawa suke kira Wangarawa, zuwa kasuwannin gabas. Sunan kola da Turawa suka san shi da shi kuwa daga harsunan gaɓar tekun Saliyo da Gini suka ɗauko shi.

Jinsin da masana suke kira Cola ya ƙunshi nau'o'i fiye da 100, dukkansu 'yan asalin Afirka, amma biyu ne suka shahara a kasuwa. Na farko shi ne Cola nitida, wanda asalinsa kurmin da ya tashi daga Saliyo da Gini ya ratsa Laberiya da Kwaddibuwa zuwa Gana. Shi ne goron da Hausawa suke ci. Na biyu shi ne Cola acuminata, wanda ya fi yawa daga kudancin Nijeriya zuwa Kamaru, Gabon da Kongo. Masana biyu 'yan Faransa, Ventenat da Palisot de Beauvois, su ne suka fara bayyana waɗannan nau'o'i a rubuce a farkon ƙarni na 19, sannan a 1832 Schott da Endlicher na birnin Biyana suka ware su a jinsi mai zaman kansa.

A rabe-raben da ake bi a yau, goro yana cikin dangin Malvaceae, dangin da ya haɗa da kuka, rimi, auduga, kuɓewa, rama, yakuwa da lalo. Kukkuki, wanda yake fitowa a duwatsu da dazuzzukan ƙasar Hausa, yana cikin 'yan'uwansa mafi kusa. Namijin goro kuwa, wanda masana suke kira Garcinia kola, sunan kawai ya haɗa su. Danginsa daban ne, sinadaransa ma daban.

Siffa

Itacen goro yana kai tsawon mita 12 zuwa 20, ba ya kaɗe ganye da rani, kuma inuwarsa tana da duhu. Ganyensa dogo ne mai kauri da sheƙi. Furensa fari ne mai ɗan rawaya, da ɗigon ja a cikinsa. Yana son ƙasa mai zurfi wadda ruwa ba ya kwanciya a kanta, da ruwan sama na milimita 1,200 ko fiye a shekara. Yammacin Katsina kuwa abin da yake samu bai wuce milimita 600 zuwa 800 ba, mafi yawansa tsakanin Yuni da Satumba. Itacen da aka shuka daga ƙwaya yakan fara 'ya'ya bayan shekara shida ko bakwai, kuma yana iya ci gaba da bayarwa har shekara 70 ko fiye.

'Ya'yan suna fitowa cikin koren kwanso, tsawonsa kimanin santimita 13. Kwanso har biyar sukan fito a reshe ɗaya, a jere kamar tauraro. Kowane kwanso yana ɗauke da ƙwaya huɗu zuwa takwas, wani lokaci har goma, kowacce a lulluɓe da farar fata mai laushi. Ƙwayar Cola nitida ɓari biyu gare ta, shi ya sa take rabuwa daidai idan an sa farce a tsagarta. Ta Cola acuminata tana da ɓari uku zuwa shida, tana da yauƙi a baki, kuma Hausawa suna kiran ta hannun ruwa. Yarbawa da Ibo ita suka fi darajantawa a al'adunsu, amma a kasuwannin Arewa ba ta kai goro mai ɓari biyu daraja ba.

Masu sana'ar goro suna rarrabe shi ta launi, girma, shekaru da wurin da ya fito. Ta launi akwai fari da ja, da kuma wanda yake tsakaninsu. Farin shi ne mafi tsada, shi ake zaɓa wa sarakuna da malamai da surukai. Ta girma akwai marsa, wato manya, da saran waga, matsakaita, da minu, ƙanana. Ƙwayar da ta fi kowacce girma da kyau kuwa ita ce goriya. Daushe shi ne goron da ya daɗe a ajiya har ruwansa ya ragu, ɗacinsa ya kwanta, ya yi garɗi. Labuje sunan goron ƙasar Nufe ne, daga garin Labozhi, wanda tun a ƙarni na 19 ake ɗaukar sa a matsayin goron manya. Wajen ƙidaya, ƙwaya 100 ita ce ƙwarya ɗaya, ƙunshin da aka naɗe cikin ganye kuma shi ne huhu.

Girbi, gyara da ajiya

Babban girbin Cola nitida yana kamawa ne daga Oktoba zuwa Disamba. Ana tsinko kwanson da doguwar gora mai lauje a baki, ko a tsince wanda ya faɗo. Sai a fasa a fitar da ƙwayoyin, a jiƙa su a ruwa ko a tara su a rufe na 'yan kwanaki har farar fatar ta yi laushi, a murje ta, a wanke. Daga nan a zuba su a kwando mara shimfiɗa na kwana uku zuwa biyar domin su yi gumi su rage ruwa. A kudancin Nijeriya mata ne suka fi yin wannan aiki. Bayan nan ne ake jera goron a kwandunan da aka shimfiɗe da faffaɗan ganyen da Hausawa suke kira fita.

Dukkan gwanintar mai goro tana kan abu ɗaya, wato tsare danshin ƙwayar ba tare da ta ruɓe ba. Goron da ya bushe yakan yamutse ya yi tauri ya rasa kasuwa, wanda kuma ya jiƙe da yawa yakan yi fumfuna. Saboda haka duk bayan 'yan kwanaki falke yakan kwance huhunsa a inuwa, ya baje goron a tabarma, ya bi shi ɗaya bayan ɗaya yana juyawa a tafin hannu. Wanda ya ga ɗan huji ko baƙin tabo a jikinsa sai ya ware shi, domin alamar sankara ce, wato ɓarnar ƙwaron da yake yin ƙwai a cikin ƙwayar, tsutsarsa ta cinye ta daga ciki. Ƙwaya ɗaya mai sankara tana iya lalata huhu guda. Idan ya gama zaɓe sai ya cire ganyen da ya bushe, ya sa sabo, ya yayyafa ruwa kaɗan, ya sake ɗaurewa. Da irin wannan kulawa goro yana yin watanni da yawa, har ya kusa shekara, bai lalace ba. Mai sayar da ɗai-ɗai ma haka yake yi a ƙaramin ma'auni: yana jera goronsa a faifai ko tire, ya lulluɓe da jiƙaƙƙen buhu, yana buɗe gefe ɗaya kawai idan mai saye ya zo.

Sinadarai da tasiri a jiki

Sinadarin da ya fi tasiri a cikin goro shi ne kafeyin, wanda ya kai kimanin kashi 2 cikin 100 na busasshen nauyinsa, wani lokaci ya haura 3. Wannan ya fi abin da ke cikin gahawar Arabika, wadda take da ɗan sama da kashi 1. Akwai kuma tiyoburomin kaɗan, da sitaci mai yawa, da sinadaran tanin masu sa bauri, irin waɗanda ke cikin bagaruwar da majema suke jima da ita. Su ne suke sa goro ya rine ya koma ja-ja da zarar an ɓare shi iska ta taɓa shi. A 1865 ne masanin haɗa magunguna John Attfield ya tabbatar da kafeyin a cikin goro a Ingila, kuma a farkon shekarun 1880 Heckel da Schlagdenhauffen suka yi cikakken nazari a kansa a Faransa. Daga nan ya shiga magungunan ƙarfafa jiki a Turai da Amurka, har John Pemberton ya sa shi cikin abin shan da ya haɗa a birnin Atlanta a 1886, wanda rabin sunansa, Coca-Cola, daga goro ya samo asali.

Mai tauna goro yakan fara jin ɗaci da bauri, daga baya zaƙi ya biyo, ruwan da ya sha a kai ma ya yi masa daɗi. Yana kore barci, yana danne yunwa da ƙishirwa, yana rage jin gajiya. Wannan ne ya sa ya zama abokin matafiya, manoma, direbobi, masu gadi da malamai masu raya dare da karatu. Yawan cin sa yana hana barci, yana sa bugun zuciya da zafin ciki ga wasu, yana kuma rina haƙora. A da mata sukan haɗa shi da furen taba su goge haƙoransu domin su yi ja, abin da ake ɗauka ado ne.

Dangantakarsa da kokon cakulan

Kokon cakulan, wanda ba shi da alaƙa da kokon gero da ake sha da safe sai kamar suna, Linnaeus ya raɗa masa Theobroma cacao a 1753, kalmar farko tana nufin abincin alloli a harshen Girka. Asalinsa kurmin Amazon ne, kuma an gano alamun amfani da shi na kimanin shekara 5,300 a wani tsohon mazauni da ke kudancin Ekwado. A Amurka ta Tsakiya, al'ummar Maya suna shan sa a wajen neman aure da ɗaurin aure da bukukuwan ibadarsu, Aztek kuma sun yi ciniki da ƙwayarsa kamar yadda aka yi da wuri a ƙasar Hausa. Sukan bar ƙwayar ta tsima, su shanya, su gasa, su ɓare, su niƙa a dutse, su dama da ruwa da masara da barkono, sannan su riƙa sheƙa shi daga wannan ƙoƙo zuwa wancan har ya yi kumfa. 

Itatuwan biyu suna ɗauke da sinadarai iri ɗaya amma a juye: goro kafeyin ya fi yawa a cikinsa, koko kuwa tiyoburomin. Gyaransu ma a juye yake, domin shi koko sai an tsima shi an busar an niƙa, goro kuwa ɗanye ake so, kamar yadda ya fito daga kwanso. An kawo koko gaɓar Afirka ta Yamma a ƙarni na 19, kuma ana tunawa da Tetteh Quarshie a matsayin wanda ya shigo da shi Gana daga tsibirin Fanando Po a 1879. A yau yankin ne yake noma kusan kashi biyu cikin uku na kokon duniya, sau da yawa a gona ɗaya da goro. Cibiyar Binciken Koko ta Nijeriya da ke Ibadan, wadda aka kafa a 1964, ita ce kuma take da alhakin bincike a kan goro. Sai dai koko ya tsaya ne a matsayin amfanin gonar da ake fitarwa waje. Gurbin da yake da shi a tarukan Maya, a Afirka ta Yamma goro ne ya riƙe shi.

Tarihin fatauci

Tarihin Kano, wanda H. R. Palmer ya fassara ya buga a 1908, ya danganta shigowar goro ƙasar Hausa da Sarauniya Amina ta Zazzau, inda ya ambaci cewa Sarkin Nufe ya aika mata da goro 10,000. Littafin ya kuma ce a zamanin Sarkin Kano Abdullahi Burja, tsakanin 1438 da 1452, aka buɗe hanya daga Barno zuwa Gwanja, kuma a zamanin Sarki Yakubu, tsakanin 1452 da 1463, fataken Gwanja suka fara zuwa Katsina. Gwanja ƙasa ce a arewacin Gana ta yau, a bakin kurmin Asante. Sunanta ya manne wa goron har Yarbawa suke kiran nau'in mai ɓari biyu gbanja.

Cinikin ya bunƙasa ne bayan da Asante ta mamaye Gwanja a tsakiyar ƙarni na 18, garin Salaga ya zama babbar mahaɗar fatake. A lokacin Katsina ce cibiyar kasuwancin ƙasar Hausa. Bayan jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo da ya fara a 1804, da yaƙe-yaƙen da suka biyo baya tsakanin Katsina da Maraɗi, nauyin cinikin ya koma Kano. Hana giya da daular Sakkwato ta tsananta ya ƙara wa goro kasuwa, kasancewar shi ne abin wartsakewar da shari'a ba ta hana ba. Masanin tarihi Paul Lovejoy, a littafin da ya wallafa a 1980 kan ayarin goro, ya nuna cewa ƙungiyoyi uku ne suka riƙe wannan fatauci: Agalawa da Tokarawa, waɗanda kakanninsu suka gangaro daga ƙasar Azbin suka zauna a ƙauyukan Katsina da Kano, da kuma Kambarin Barebari, 'yan asalin Barno da suka yi sansani a Gummi.

Ayari yakan ƙunshi ɗaruruwan mutane, wani lokaci fiye da dubu, da jakuna da alfadarai da takarkarai. Madugu ne shugaba, jagaba yana gaba, uban dawaki kuma yana taimakawa wajen shirya zango da sasantawa da sarakunan hanya kan kuɗin fito. Sukan tashi da kaka ɗauke da kanwa, tufafi, baƙin rini, jar fata, gabu, dabbobi da bayi, su ƙetare Kwara ta wajen Yawuri ko Ilo, su ratsa Bargu ta Nikki da Jugu, su bi ta Yandi su isa Salaga. Zuwa da dawowa yakan ci wata shida zuwa shekara. Heinrich Barth, wanda ya zo Kano a 1851, ya ƙiyasta cewa kayan jaki 500 na goro suke shiga birnin a shekara, kowanne a kan wuri kimanin 200,000. A watan Maris na 1853 ya bar Katsina zuwa Sakkwato ta Kuraye da Kurfi da Zakka, wadda a yau take cikin Ƙaramar Hukumar Safana, sannan ya ratsa daji zuwa Zurmi. Wannan ya nuna cewa yammacin Katsina yana kan ɗaya daga cikin hanyoyin da suka haɗa birnin da ƙasashen yamma.

Ƙarshen ƙarni na 19 ya sauya hanyar. Turawan Ingila sun ƙone Kumasi, babban birnin Asante, a 1874, ikon Asante a kan arewa ya yi rauni, yaƙin basasa kuma ya watse Salaga a 1892. Fatake suka koma ɗora goro a jirgin ruwa daga Ankara zuwa Ikko, kuma da layin dogo ya iso Kano a 1911 tafiyar watanni ta koma ta kwanaki. Alhaji Alhassan Dantata, Ba'agale da aka haifa a Bebeji a 1877 ya rasu a 1955, yana cikin waɗanda suka fara cin moriyar wannan hanya, kuma da jarin goro ya shiga cinikin gyaɗa.

Yaɗuwa a yau

A farkon ƙarni na 20 manoman ƙasar Yarbawa suka rungumi shuka goro mai ɓari biyu a Agege, Ota, Shagamu da kewayensu, har Nijeriya ta daina dogaro da na Gana. A yau ita ce kan gaba a duniya, tana samar da kusan rabin abin da ake nomawa, sai Kwaddibuwa, Kamaru, Gana da Saliyo. Jihohin Ogun, Ondo, Osun, Oyo da Ekiti su ne manyan wuraren noman. Sayen kuwa yana hannun Hausawa mazauna unguwannin Sabo. An kafa Sabon Ibadan a 1916, kuma Abner Cohen ya bayyana a littafinsa na 1969 yadda masu gida da dillalai suke tafiyar da cinikin goro da na shanu a can bisa amana da bashi, ba tare da rubutacciyar yarjejeniya ba.

Daga Kudu manyan motoci suke kawo goro kasuwar Mariri da ke Kano da sauran manyan kasuwannin Arewa, daga nan a rarraba shi zuwa Katsina, Maraɗi, Damagaram, Chadi har Sudan. Alhazai ma sun daɗe suna tafiya da shi Makka. Ƙananan 'yan kasuwa su suke kai shi kasuwannin mako irin na Batsari da Jibiya, inda masu tebur na ƙauyuka suke sara.

Goro a taron jama'a

Ana iya ɗaukar Karare a matsayin misali. Mazaɓa ce a Ƙaramar Hukumar Batsari, ƙasar Sarkin Ruman Katsina, tana maƙwabtaka da Safana, ƙasar Yariman Katsina, a gefen dajin Rugu. Mazaunanta Hausawa da Fulani ne, manoma da makiyaya. Kamar sauran ƙauyukan ƙasar Katsina, goro yana biye da mutum a nan tun daga sunansa har zuwa sadakar arba'in ɗinsa.

A neman aure goro yana cikin kayan gaisuwa da na sa rana. Ranar ɗaurin aure dangin ango suke kawo shi, a ƙidaye da ƙwarya, tare da alewa ko dabino. Maza sukan taru a ƙofar gidan waliyyin amarya ko a masallaci, a shimfiɗa tabarmi, liman da dattawa a gaba. Sai a ware kason cikin gida domin mata, a zaɓi goriya a ajiye gaban liman da mai unguwa, wani saurayi ya ɗauki sauran a faifai ya bi sahu yana miƙa wa kowa. Wakilin ango ya nemi aure, waliyyi ya ce ya bayar, a faɗi sadaki a bainar jama'a, maroƙi ya ɗaga murya ya maimaita domin na nesa su ji, a shafa Fatiha. A fiƙihun Malikiyya sharuɗɗan aure su ne waliyyi, sadaki, shaidu da siga. Goro al'ada ce. Aikinsa shi ne bayyana auren. Wanda ya karɓa ya shaida, wanda kuma bai samu zuwa ba ana kai masa rabonsa har gida, ta yadda ba zai ce bai ji ba. Dangi sukan yi ƙorafi mai tsanani idan goron auren 'yarsu bai iso gare su ba, domin hana mutum goro daidai yake da fitar da shi daga cikin masu faɗa a ji a gidan.

A suna, wanda ake yi rana ta bakwai da haihuwa, goron da aka aika gida-gida tun jajibere shi ne gayyata. Da hantsi ko bayan sallar asuba a taru, a sake rabawa, liman ya raɗa suna, a yi addu'ar Allah ya raya, a yanka rago. A sadakar uku da ta bakwai da ta arba'in ana raba shi tare da waina da gumba, wato ɗanyen geron da aka surfa aka jiƙa aka daka aka cura. Yana fitowa a saukar Alƙur'ani, a Mauludi, a zaman zikirin 'yan ɗariƙun Ƙadiriyya da Tijjaniyya, a gayyar noma, da kuma wajen sasanta waɗanda suka yi saɓani, inda ɓara ƙwaya ɗaya a ci tare yake nuna magana ta wuce. Talaka yakan riƙe shi idan zai je gaida hakimi, almajiri ma idan zai je neman addu'a wurin malaminsa. A tsakanin Maguzawa da 'yan bori yana cikin abubuwan da ake miƙa wa iskoki.

Rabon yana da ladabinsa. Da hannun dama ake bayarwa, da shi ake karɓa. Babba ake fara ba, kuma idan ƙwaya ɗaya ce, shi yake ɓarawa ya ɗauki ɓari ya miƙa sauran. Wanda ba ya cin goro ba ya mayarwa. Yakan karɓa ya yi godiya ya sa a aljihu, ya kai wa mahaifiyarsa ko wani dattijo.

Goro a harshen Hausa

Kalmar ta zarce ɗan itacen ta zama sunan kyauta. Mai kawo labari mai daɗi yakan ce albishir, a amsa masa da goro, ya tambaya fari ko ja, a ce fari. Kuɗin da ake ba yara ranar idi goron Sallah ne, katin biki goron gayyata ne, ɗan abin da ake ba wanda ya yi wata hidima kuma na goro ne, ko da babu goro a ciki. Launin da ke tsakanin ja da rawaya ruwan goro ake ce masa. Cutar daji ma ta samu sunan sankara ne daga ɓarnar da ke cin goro ta ciki alhali bayansa yana da kyau. Karin maganar da ke cewa ƙaramin goro ya fi babban dutse tana koyar da cewa kyauta komai ƙanƙantarta ta fi babu.

Sauye-sauye da muhimmanci

Cin goro ya ragu a tsakanin matasa, waɗanda suka fi son alewa, cingam da shayi, kuma a tarukan birane dabino da minti a ƙunshin leda sun fara maye gurbinsa. Ƙungiyar Izala, wadda aka kafa a Jos a 1978, ta soki tarukan uku da bakwai da arba'in, abin da ya rage su a wasu gidaje. A wajen noma, yawancin itatuwan Kudu sun tsufa, kuma masana sun yi gargaɗi kan yadda wasu 'yan kasuwa suke zuba maganin ƙwari a cikin abin da ake ci ɗanye. A Batsari da Safana, hare-haren 'yan bindiga daga dajin Rugu a shekarun baya-bayan nan sun raba ƙauyuka da dama da mutanensu, sun takura zuwa kasuwa, sun kuma rage girman taruka.

Duk da waɗannan sauye-sauye, matsayin goro bai gushe ba. A tarihi shi ne ya haɗa kurmi da sahel, ya kafa zangunan Hausawa daga Salaga da Kumasi zuwa Ibadan da Shagamu, ya kuma gina wasu daga cikin manyan gidajen kasuwanci na Kano. A zamantakewa darajarsa tana cikin rabuwarsa: ƙwaya ɗaya tana isar mutum biyu, ƙwarya ɗaya tana zagaya unguwa, kuma mai kuɗi da talaka abu ɗaya suke karɓa daga faifai ɗaya. A Karare da sauran ƙauyukan yammacin Katsina, har yau idan an ce an raba goron wance, an san aurenta ya tabbata.